Baba Mtshali, Mutumin da Ya San Ƙarƙashin Mlotheni

Kafin motar haya ta farko ta tashi zuwa birnin Vryheid, Baba Velaphi Mtshali ya riga ya sha shayinsa, ya zura takalman roba, ya ja ƙyauren gidansa. Ba ya bin titi kamar kowa. Ta bayan gine-gine yake ratsawa, inda raɓa take jiƙa ƙafar wando. Ɗakin fitilu yake fara zuwa, inda mahaƙa suke karɓar fitila a da kafin su shiga rami. Daga nan sai gidan wanka, sai zauren taro, sai cocin dutse, sai ɗakin inji mai dogon bututun hayaƙi. Waɗannan biyar, da layi biyu na barikin mahaƙa, su ne abin da zamanin kwal ya bar wa Mlotheni.

Duk inda bango ya tsage, Baba Mtshali ya manna ɗan sillen gilashi da siminti a kan tsagar. Kullum sai ya duƙa ya duba su ɗaya bayan ɗaya. In gilashi yana nan lafiya, ya wuce. In ya fashe, ƙasa ta motsa ke nan, ba zai bar wurin ba sai ya gano dalili. Bayan gine-gine sai ya shiga makiyaya. A can da hanci yake aiki da tafin ƙafa: ina warin farar wuta yake tashi, ina ƙasa ta yi ɗumi a tsakiyar sanyin Yuli, lokacin hunturu a ƙasar nan, ina ruwa ya kwanta a wurin da bai kwanta bara ba.

Wajen ƙarfe takwas yake biyowa ta rumfar MaSithebe mai fanke.

"Baba Mtshali, yau ma ƙasa ta kwana lafiya?"

"Lafiya lau, MaSithebe. Masan da mijinki ya haƙa bayan gida ne dai ban yarda da shi ba. Ki ce masa ya rage nauyi kafin ya shiga."

"Kai ka gaya masa da bakinka. Ni na gaji."

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan zagaye. Takardar ƙaramar hukuma ta kira shi mai gadin tsofaffin gine-gine. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, yana da saba'in da huɗu, gwiwoyi sun ce ya isa haka. Shi ya sa ya kamata a faɗi wane ne shi tun yana ji da kunnensa.

Yana ɗan shekara goma sha takwas ya shiga rami, a 1969. Ba a ba shi diga ba, ba a ba shi shebur ba. An haɗa shi da safiyo, Baturen da ke auna hanyoyin ƙarƙashin ƙasa yana zanawa. Aikin Velaphi shi ne jan sarƙar awo da riƙe fitila a inda aka ce ya tsaya. A wancan zamani na wariyar launin fata doka ba ta yarda baƙar fata ya zama safiyo ba, ko da kansa ya fi na kowa. Shekara ashirin da uku ya yi yana jan sarƙa. Safiyo huɗu suka zo suka tafi a kansa, kuma tsofaffin mahaƙa sun shaida cewa uku daga ciki shi ya nuna musu gabas da yamma a ƙarƙashin ƙasa. Su suna rubutawa a littafi, shi yana ajiyewa a ka.

A nan ya san abin da ya riƙe garin. Masu haƙar kwal ba sa kwashe shi duka. Sukan bar ginshiƙai na kwal su tokare rufin rami. A ƙarƙashin gine-ginensa kuwa kamfani bai taɓa ko ɓallin kwal ba, ya bar dunƙulen dutse guda, don bai son injinsa ya nutse. Shi ya sa gine-ginen nan suke tsaye har yau, gidajen da aka yi bayansu da shekara hamsin suna ta tsagewa.

A 1992 aka rufe mahaƙar. Kamfani ya kwashe injina da takardu ya tafi. Cikin shekara uku 'yan gwangwan suka cinye gidajen manajoji da ke kan tudu, kwano da taga da famfo, sai harsashi suka bari. Baba Mtshali, wanda a lokacin ba shi da aiki kamar kowa, ya lura da abu guda: ginin da babu kowa a ciki shi ake ci. Don haka ya shiga cusa mutane. Ya roƙi ma'aikaciyar jinya da ke zuwa kowace Talata ta bar gindin bishiya ta koma ɗakin fitilu. Ya kai wani mai walda ɗakin inji. Gidan wanka ya rasa mai so saboda faɗinsa da sanyinsa, sai ya zuba awakinsa a ciki ya sa kwaɗo. Zauren taro kuwa ya miƙa wa matarsa, MaZwane, da ƙungiyarsu ta mata masu ɗinki.

Ranar da wata babbar mota ta zo da maza shida da takarda mai hatimi za su cire kwanon zauren, mata wajen arba'in suka tarar a ciki, kekunan ɗinki suna ta ƙara. Shugaban mazan ya ce a fita. MaZwane ba ta ɗaga ƙafa daga kekenta ba.

"Ku cire mana, 'ya'yana," ta ce. "Amma ku fara da wanda yake saitin kaina, don in gaya wa uwayenku da kaina."

Suka tsaya sun fi awa guda suna waya, daga ƙarshe suka juya. Bayan shekara uku ƙaramar hukuma ta ga babu amfanin ja da mutumin da ya riga ya zama mai gadi ba da izinin kowa ba, sai ta ɗauke shi aiki.

Wannan duk mai sauƙi ne, don garin yana bayansa. Abin da ya sa ake wannan rubutu ya faru ne ranar da garin ya juya masa baya.

A 2011 gwamnatin lardi ta amince a gina wa Mlotheni makarantar firamare. Kafin nan yaranmu kilomita tara suke takawa zuwa makarantar mishan da ke ƙetaren kogi, in kogi ya kawo kuma sai zaman gida. Malama Khanyisile Kunene, wadda za ta zama shugabar sabuwar makarantar, shekara goma sha ɗaya ta yi tana rubuta takardu kafin a amsa mata. Aka zaɓi tsohon filin ƙwallo da ke gabashin coci, shimfiɗaɗɗe, ba sai an daidaita ba. Aka kira taro a zaure, kansila ya zo, da wani injiniya matashi daga birni. Ana tsakiyar tafi Baba Mtshali ya miƙe, hularsa a hannu.

"Kansila, a yi min haƙuri. Filin nan ba zai ɗauki makaranta ba. Ƙarƙashinsa babu komai."

Injiniyan yaro ne mai ladabi. Ya warware taswirar kamfani a kan tebur. "Baba, zo ka gani. An yi haƙa a nan, gaskiya ne, amma ga ginshiƙai nan reras. Za su ɗauki bene ma."

"Wace shekara aka zana ta, ɗana?"

"1986."

"To. A tamanin da tara da casa'in aka koma aka cinye ginshiƙan nan, da aka ga za a rufe. Ni na ja awon. An ce da safiyo kada ya sa a takarda tukuna. Tukunan ce har aka tafi."

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Mtshali, da wane satifiket kake magana? Sarƙa fa ka ja." Aka yi dariya.

Malama Kunene ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta dube shi. "Baba, ka san in muka ce ba ma son filin nan, wani gari za a kai makarantar? Jikokinka biyu suna cikin masu ƙetare kogin nan."

"Na sani, 'yata. Shi ya sa na tashi."

Taron ya watse an yanke a ci gaba. Washegari Baba Mtshali ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya shiga mota zuwa ofishin lardi. Sau huɗu ya je kafin ya sami wanda zai saurare shi. Da aka saurare shi sai aka yi abin da ofis ya saba: aka dakatar da aiki, aka ce za a turo masu bincike. Masu bincike ba su zo ba. Wata takwas bulo yana jibge a filin, ciyawa tana fitowa a tsakaninsa.

Waɗanda suka zauna a Mlotheni a watannin nan sun san abin da gidan Mtshali ya gani. Ya gaida mutum, mutum ya dubi wani wuri. A coci bencin da MaZwane take zama ya zama nata ita kaɗai. A watan Fabrairu kogi ya kawo da rana tsaka, yara goma sha bakwai suka maƙale a ƙetare har kwana biyu, ciki har da 'yar autar MaSithebe. MaSithebe ta bar kaskonta a kan wuta ta zo ƙofar gidansa.

"Da ba don kai ba, da yau 'yata tana nan inda nake hango ta. Tsufa ne yake damunka, Baba, ko so kake a san da kai?"

Baba Mtshali ya juya. Ya shiga gida ya zauna, an ajiye masa tuwon masara da nono, bai taɓa ba. MaZwane ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, ka tabbata? In kuskure ka yi, ba mu da sauran zama a garin nan."

"MaZwane, sau nawa na manta ranar haihuwarki?"

"Kowace shekara."

"Sunan ƙanwarki fa?"

"Har yau ba ka riƙe ba."

"To. Amma ban taɓa manta awo ba."

Ta tura masa kwanon. "Ci abincinka."

Da damina ta wuce, sai ga wani Motaung da motar haƙa burtsatse. Kwangilar rijiyar makaranta daban take da ta gini, ba wanda ya tuna ya dakatar da ita. Baba Mtshali ya ji ƙarar motar, ya je kusurwar coci ya jingina bayansa da dutse, ya fara taku yana ƙirgawa. A taku na ɗari biyu da goma sha biyu ya ajiye dutse. Daidai wurin ne taswirar kamfani ta nuna ginshiƙi mafi girma a filin.

"Ɗana, haƙa nan."

"Baba, can aka nuna min."

"Haƙa nan. A mita ashirin da huɗu ƙarfenka zai faɗa cikin iska."

Motaung ya yi dariya, ya dubi mutanen da suka fara taruwa. "In ya faɗa, na yanka maka tunkiya. In bai faɗa ba fa?"

"Ka shiga gidan wanka ka zaɓi akuyar da ta yi maka."

Motaung ya ce sai da izinin mai makaranta. Aka kira Malama Kunene. Ta dubi dutsen, ta dubi tsohon. "Haƙa," ta ce. "A gama maganar nan yau, kowa ya huta."

Aka kunna inji da hantsi. Kafin azahar rabin gari yana filin. Ƙura ja ta fito, sannan fara, sannan toka-toka. Motaung yana ƙara ƙarfe yana faɗin mita da ƙarfi don kowa ya ji. Ashirin. Ashirin da biyu. Ashirin da huɗu, ƙarfe yana cin dutse abinsa. Aka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce a je a kamo akuyar tun yanzu. Ashirin da biyar. MaZwane ta rufe idonta. Baba Mtshali yana tsaye, hannuwa a baya, bai ɗauke ido daga ƙarfen ba.

Ana gab da ashirin da shida ƙarar injin ta canza. Ƙarfen ya zurma ƙasa lokaci guda, kamar an saki guga a rijiya. Wata iska mai sanyi da warin ruɓaɓɓen ƙwai ta feso daga ramin ta ɗauke hular Motaung. Mutane suka ja da baya. Aka kashe inji.

Motaung ya je ya ɗauko hularsa, ya kakkaɓe, bai mayar kansa ba. "Baba, mita biyu fa ka kuskure."

"Tokar da aka zuba aka daidaita filin ƙwallo bayan an rufe mahaƙa, ban sa ta a lissafi ba. Laifina ne. Rabin tunkiya ya ishe ni."

Cikin mako guda masu binciken da aka yi wata takwas ana jira suka iso. Suka haƙa wuri biyar, huɗu suka faɗa cikin iska. Injiniyan nan matashi ya dawo da kansa, ya nemi Baba Mtshali har gida ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce abin da ya rage shi ne a mayar da aikin wani gari, sai dai in akwai wani fili.

"Fili babu," Baba Mtshali ya ce. "Amma akwai gini. Zo in nuna maka inda kamfani ya ji tsoron haƙawa."

Ya kai shi gidan wanka da barikin mahaƙa. Aka haƙa a can, dutse da kwal cunkus har ƙasa. Aka kori awaki, aka fasa tagogi manya, aka raba zauren wanka gida huɗu. Ɗakunan bariki, inda a da maza goma sha shida suke kwana a kan gadajen siminti nesa da iyalansu, aka fasa gadajen aka sa allo. A farkon 2013 makaranta ta buɗe, yara ɗari biyu da doriya.

Damina biyu bayan haka, wata Laraba da safe, filin ƙwallo ya nutse. Babu wata babbar ƙara, masu gidajen kusa sun ce kamar an rufe ƙofa a nesa. Rami ya buɗe da zai haɗiye motar haya uku, sai saman ƙarfen raga ake hangowa. Bisa zanen ginin da aka fasa yi, aji ɗaya da aji biyu ne za su kasance a wurin, kuma ƙarfe tara da rabi ne.

Malama Kunene ta bar ofis ta je bakin ramin ta daɗe a tsaye. Da ta waiwaya neman Baba Mtshali, yana can gefe da wayar shinge da turaku, ya riga ya fara kewaye wurin, yana yi wa masu shanu faɗa su janye dabbobinsu. Ta je ta riƙe masa turke yana bugawa. Tare suka gama kewayen. Da yamma MaSithebe ta aika wa MaZwane fanke cike da roba, Lahadin da ta biyo kuma ta zo ta zauna kusa da ita a coci.

Baba Mtshali, kai ne ka gwammace gari ya tsane ka da ka sa hannu a abin da ka san ƙarya ne. Kai ne wanda aka hana riƙe alƙalamin safiyo, ka riƙe taswirar a kanka shekara ashirin har ranar da aka buƙace ta. Ba ka taɓa tuna wa kowa abin da ya faɗa maka a watannin nan takwas ba, alhali ka san su ɗaya bayan ɗaya. Hlabangani, ɗan gidan Mtshali, yau mun kira ka da kirarin kakanninka, don ka cika shi.

Bai tsaya nan ba. Ya ce abin da ke kan mutum ɗaya da mutumin yake tafiya. Shekara biyu, kowace Asabar, shi da Malama Kunene suna zagaya garin, yana faɗa tana zanawa, in ta yi kuskure ya sa ta goge. Taswirar tana makaranta yanzu, ƙaramar hukuma ma tana da tata. Ba wanda yake aza bulo a Mlotheni sai ya duba ta. Mutum shida, maza huɗu da mata biyu, sun koyi duba gilashi da bin makiyaya, su za su karɓi zagayen bi da bi.

Lahadin da ta wuce aka yi masa taron sallama a zaure. An yanka bijimi. Kansila ya yi jawabi mai tsawo, 'yan makaranta suka yi waƙa, aka yafa masa bargo. Sannan aka miƙa masa makirfo aka ce ya faɗa wa jama'a abin da ke ransa bayan duk waɗannan shekaru. Ya miƙe da ƙyar, ya dubi taron.

"Na gode," ya ce. "Mai farar motar nan da aka ajiye bayan coci, wajen itacen nan, ya je ya matsar da ita. Wurin ba shi da kyau."

Kansila ne ya tashi ya fita da sauri.

Mun gode, Baba. Allah Ya ƙara wa gwiwoyin nan sauƙi, Ya saka wa MaZwane da ta zauna ita kaɗai a benci ba ta ce ka janye ba. Mu kuma da muka rage, kowa ya dubi garinsu. Akwai wani tsoho ko wata tsohuwa da ta san abin da babu a takarda, ana wuce ta kullum a hanya. A je a zauna a tambaye ta yau, da alƙalami a hannu. In kuma kai ne ka san abin, a taro ana tafi, kowa yana so ka yi shiru, ka cire hularka ka miƙe.